Daɓen gida ya lotsa: a shafe sama, a tokare ƙasa, ko a fasa a sake?

Yawanci ƙofa ce ke fara kawo ƙara. Wadda ada take rufuwa lafiya sai ta fara gogar ƙasa, ko ta ƙi shiga gidanta sai an danna da kafaɗa. Daga nan ka lura kabad ya ɗan karkata, ruwan da ya zube yana gangarawa wuri guda, tayil ya tsage a layi ɗaya. Ka kira mutum uku su duba, kowa ya kawo tasa: wannan ya ce a zuba siminti a daidaita, wancan ya ce a sa ginshiƙi a ƙasa, na uku ya ce ba makawa sai an fasa. Kuɗin da suka faɗa kuma bai ko yi kusa da juna ba.

Dalilin saɓaninsu shi ne lotsewa alama ce, ba ita ce cutar ba. Ruwa ba ya tsami banza. Duk daɓen da ya sauka, akwai abin da ke ɗauke da shi wanda ya gaza, kuma sai an gano wannan abin ne za a san wanne gyara ya dace. Don haka kafin mu jera hanyoyin gyara, bari mu fara da abin da ke ƙarƙashin ƙafarka.

Wane irin daɓe gare ka?

Iri biyu ne manya. Akwai daɓen da ke rataye a kan katakai, wato an jera katakai masu kauri kamar haƙarƙari, kowanne ya ɗora kansa a bango ko a kan babban bim (katako ko ƙarfe mai kauri da ke ratse a ƙarƙashinsu yana ɗauke da su), sannan aka shimfiɗa allunan da ake takawa a sama. Ƙarƙashinsa fili ne: ko ɗakin ƙasa, ko wani ɗan sarari da mutum zai iya rarrafawa ya shiga. Akwai kuma daɓen kankare da aka zuba kai tsaye a kan ƙasa ko a kan ciko.

Na katako yakan lotsa ne saboda ɗaya daga cikin abubuwa biyar. Danshi ya ruɓar da katakon. Gara ko wasu ƙwari sun cinye cikinsa. Tun farko an sa katako siriri a tazara mai faɗi. Wani ya yanke ko ya huda haƙarƙarin don wuce da bututu ko waya. Ko kuma ginshiƙin da ke tokare da bim ya nutse. Akwai na shida da ke faruwa lokacin gyaran gida, shi ne a rushe bangon tsakiya don a faɗaɗa falo alhali shi ke ɗauke da benen. Danshi ne ya fi kowanne ɓarna. Katakon da ruwan jikinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, funfunar da ke ruɓar da itace ba ta iya cinsa; da zarar ya daɗe a jiƙe sama da haka, ta samu gida. Gara ma danshin take bi.

Na kankare kuwa kusan kullum laifin ƙasa ne. Ko ba a daddage cikon da kyau ba kafin a zuba, sai ya zauna a hankali cikin shekarun farko. Ko bututun ruwa ya fashe a ƙasa yana wanke yashi yana barin kogo. Ko ƙasar mai yumɓu ce, irin wadda ke kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe. Babbar bishiya kusa da gini a irin wannan ƙasa tana zuƙe ruwan gefe guda, gefen ya sauka. A lura da wani abu da ke ruɗar mutane: wani lokaci ba tsakiyar ce ta nutse ba, gefen ne ya tashi, ko akasin haka. Ido kaɗai ba ya rarrabewa.

Auna kafin ka yanke shawara

Ba sai da na'ura mai tsada ba. Ɗaure zare a miƙe daga wannan bango zuwa wancan, a tsayi ɗaya daga daɓe a kowane ƙarshe, ka auna tazarar zaren da ƙasa a wurare da yawa. Tiyo mai garai-garai da aka cika da ruwa shi ma yana ba da lebur na gaskiya daga ɗaki zuwa ɗaki. Rubuta abin da ka samu da kwanan wata, ka sake aunawa bayan wata biyu ko uku, musamman in an tsallaka daga lokacin ruwa zuwa na rani. Daɓen da ya sauka shekaru da suka wuce ya tsaya cak daban yake da wanda har yanzu yake tafiya, kuma wannan bambancin shi kaɗai yana iya canja zaɓinka gaba ɗaya.

Siffar lotsewar ma tana magana. In tsakiyar ɗaki ce ta yi kwari kamar kwano, bango na nan daram, to haƙarƙari ne ko ciko. In kwarin ya bi layi ɗaya ya ratsa ɗakuna, duba bim da ginshiƙansa. In daɓen duka ya gangara zuwa bangon waje, bangon kuma ya tsage a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, zancen ya koma na harsashin gini. Cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya, BRE, ta kasa tsagar bango gida-gida: wadda ba ta wuce milimita 5 ba ta fi zama matsalar ado, daga 5 zuwa 15 ta fara taɓa ƙofofi da bututu, wadda ta haura 25 kuwa ta shafi tsayuwar ginin kansa.

A daɓen katako, shiga ƙasa da tocila da sukundireba. Caka katakon, musamman inda ya shiga bango da ƙarƙashin banɗaki da kicin. Lafiyayyen katako ba ya karɓar ƙarfe. Ruɓaɓɓe yana nutsewa kamar soso. A na kankare, ƙwanƙwasa da guduma ka saurara: inda akwai kogo, ƙarar takan fito kamar ta ganga. Rufe duk famfunan gida ka duba ko mitar ruwa na ci gaba da juyawa. In tana juyawa, akwai yoyo a ɓoye.

Ma'aunan da zan gwada kowace hanya da su

Na farko, wanda ya rinjayi sauran: shin gyaran ya taɓa abin da ya gaza, ko fuska kawai ya gyara? Sai tsada, ba ta ranar aiki kaɗai ba, har da abin da za a fasa a mayar. Sai ƙarko. Sai sauƙin aiki: wa zai iya, kwana nawa, za a zauna a gidan ko sai an tashi. Na ƙarshe haɗari, ga ginin da kuma ga mai aikin.

1. Shafe sama don a daidaita

Ita ce hanyar da ta fi jan hankali, don ta fi araha kuma sakamakonta na fitowa nan take. Ana zuba kwaɓin siminti da yashi, ko wani garin siminti na musamman da ake damawa ruwa-ruwa ya bi lebur da kansa, a cike kwarin, a mayar da tayil. Kwana biyu ko uku ɗaki ya dawo sabo.

Tana da wurinta. Daɓen kankaren da ya sauka kaɗan ya tsaya, ba kogo a ƙasa, ba yoyo, ba abin da yake buƙata ban da wannan. Haka tsohon daɓen katako lafiyayye da ya ɗan lanƙwasa saboda tsufa, in siririn shafi ne.

Amma ita ce kuma aka fi yi a inda bai kamata ba, kuma wannan yana damuna, domin mai ƙaramin ƙarfi ne ya fi faɗawa. Siminti nauyi ne. Ɗaki mai mita 3 da 4, in aka zuba masa kauri santimita 3, an ɗora masa fiye da kilo 700. A ce wannan nauyin a kan katakon da dama ya gaji, ko a kan cikon da ke zama, aka ɗora shi. An ƙara wa mai ciwon baya kaya, an kuma rufe alamar da za ta nuna ciwon na ƙaruwa. Bayan shekara ɗaya ko biyu tsagar ta dawo ta cikin sabon tayil, kuɗin farko ya tafi, na biyu ya ƙaru da kuɗin fasa abin da aka zuba.

2. Goya wa haƙarƙari sabon katako

Nan ana kawo sabon katako mai girman tsohon ko fiye, a manna shi a gefensa, a haɗe su da gam na gini da ƙusoshi ko noti, su zama jiki ɗaya. Mafi kyau sabon ya yi tsayin tsohon duka, kansa biyu su hau kan bango ko bim. In wuri bai ba da dama ba, dole ya zarce inda ya lalace sosai ta kowane gefe. Ɗan guntun da aka liƙa a kan tsaga kawai ba ya ɗaukar komai.

Ga lissafin a sauƙaƙe. In ka goya katako irin na farko, ka ninka ƙarfin tsayuwarsa sau biyu, lanƙwasawa ta ragu da rabi. Amma zurfin katako, wato tsayinsa daga sama zuwa ƙasa, ya fi faɗinsa tasiri nesa ba kusa ba: wanda zurfinsa santimita 20 ne ya fi mai 15 taurin kai fiye da ninki biyu, ko da faɗinsu ɗaya. Shi ya sa yankan da mai aikin famfo ke yi a ƙasan katako don wuce da bututu yake da muni haka. Kundin ƙa'idojin ginin gidaje na IRC, wanda yawancin jihohin Amurka ke bi, ya hana yanka gefen katako a kashi ɗaya cikin uku na tsakiyar tazara, ya kuma ce huda kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfin katakon, kada ta kusanci gefen sama ko na ƙasa da ƙasa da santimita 5. Duk katakon da aka yi wa abin da ya saɓa wa wannan, ɗan takarar goyo ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗaure sabon katako alhali tsohon na lanƙwashe. In aka yi haka, an kulle lotsewar a inda take har abada. Sai an fara ɗaga tsohon da jak ya koma lebur, sannan a ɗaure. Wani kuskuren shi ne goya lafiyayye a jikin ruɓaɓɓe ba tare da an cire ruɓar, an sa magani, an busar da wurin ba; ruɓa tana yaɗuwa.

Tsadarta matsakaiciya ce in ana iya shiga ta ƙasa. In bene ne, dole a buɗe silin ko a ɗaga allunan sama, sai kuɗi ya hau. Wayoyi da bututun da suka ratsa katakan su ma sai an kwance su. Kafinta mai hankali yana iya yi cikin 'yan kwanaki, kuma in wurin ya zauna a bushe, gyaran na iya kai ƙarshen rayuwar gidan.

3. Sabon bim da ginshiƙai a tsakiya

In akwai sarari a ƙasa, wannan ce hanyar da ta fi kowacce riba idan aka kwatanta ƙarfin da ake samu da kuɗin da aka kashe. Ana ratsa bim na katako mai kauri ko na ƙarfe a ƙarƙashin haƙarƙarin, daidai tsakiya, a tokare shi da ginshiƙai. Tamkar dirka ce da ake kafa wa rufin da ya fara saukowa. Sirrinta a tazara yake: lanƙwasawar katako tana ƙaruwa da tsayin tazara ninki a kan ninki har sau huɗu, saboda haka in ka raba tazarar biyu, lanƙwasawar za ta koma kusan kashi ɗaya cikin 16 na yadda take, ko ƙasa da haka. Goyo ya rage rabi. Dirka ta rage kusan duka. Daɓen da ke rawa in yaro ya yi gudu, har kwanuka na ƙara a kabad, wannan ce maganinsa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada daɓe ya lanƙwasa fiye da kashi ɗaya cikin 360 na tazararsa a ƙarƙashin nauyin mutane da kaya, wato santimita 1 a tazarar mita 3.6.

Duk darajar wannan aiki a ƙafar ginshiƙi take. Nauyin da ada yake warwatse yanzu ya taru a 'yan wurare, don haka kowane ginshiƙi yana buƙatar tushen kankare nasa, wanda aka haƙa aka zuba a kan ƙasa mai ƙarfi. Ɗora shi a kan bulo ɗaya, ko guntun katako, ko siririn daɓen da ba a yi don ɗaukar kaya ba, jinkirta matsala ne kawai. Bulo mai rami in aka kwantar da shi ramukan na kallon gefe, yana iya fashewa ba gargaɗi. A kuma bambance ginshiƙin ƙarfe na wucin gadi, mai shiga cikin juna da ake tsayar da shi da fil, da wanda aka ƙera don zama na dindindin. Jak ɗin mota na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba; mansa na iya sulalewa ya sauka, don haka kada kowa ya shiga ƙarƙashin abin da jak kaɗai ke riƙe da shi.

Sai batun gaggawa. Daɓen da ya ɗauki shekara ashirin yana sauka ba a mayar da shi a yini ɗaya. Filasta, tayil, bututu, firam ɗin ƙofa, duk sun saba da karkacewar. Masu aikin sukan ce a ɗaga kimanin milimita 3 a rana, a bari gini ya huta, a duba bango, gobe a ƙara. Wanda ya matsa a gama yau, garin gyaran gira zai rasa ido. Kuma ba dole ne a kai lebur ɗari bisa ɗari ba. A tsohon gida, tsayar da saukar tare da rage ta sau da yawa ya fi ƙoƙarin shafe ta baki ɗaya aminci.

Iyakarta a fili take: ba ta gyara kan katakon da ya ruɓe a cikin bango, kuma a ɗakin ƙasa da ake zama ciki ginshiƙai na cin wuri.

4. Cire katakan a sa sababbi

In gara ko ruɓa ta ci katakai da yawa, har da wanda ke kwance a kan harsashi, ba abin da za a goya wa. Sai a tokare abin da ke sama, a ɗaga daɓen, a cire, a sa katako mai magani. Tsada ce, ɗakin kuma ba zai zaunu ba na makonni. Amfaninta shi ne komai na buɗe: a kashe gara, a gyara bututu, a shimfiɗa leda mai kauri a kan ƙasa don tare laima, a buɗe hanyar iska. IRC ya ce haƙarƙarin da ke ƙasa da santimita 45 daga ƙasa, ko bim da ke ƙasa da 30, sai ya zama katako mai magani ko mai jure ruɓa.

5. Ɗaga kankare ta hanyar ɗura abu a ƙarƙashinsa

Wannan ta daɓen kankare ce. Ana huda ƙananan ramuka, a tura wani abu da ƙarfin inji ya cike kogon, ya tura daɓen sama. Iri biyu ne.

Tsohuwar hanya kwaɓin siminti da ƙasa ko yashi ce. Tun shekarun 1930 ake ɗaga kankaren tituna da ita a Amurka. Ramukanta sun fi faɗi, santimita 3 zuwa 5, ta fi araha, amma kwaɓin yana da nauyi, a kan ƙasa mai rauni yana iya ƙara saukar. Sabuwar ita ce kumfar foliyuritan: ruwaye biyu ne da ke haɗuwa su kumbura su daskare. Raminta bai kai santimita 2 ba, ba ta da nauyi, ruwa ba ya wanke ta, ana iya taka wurin cikin mintuna. Ta fi tsada, kuma sai kamfani mai inji da ƙwarewa.

Dukansu biyun sun dace da kankaren da jikinsa lafiya ne, ya sauka a dunƙule ko ya rabu gida biyu ko uku. Wanda ya ragargaje ba ya ɗaguwa. Haɗarinsu biyu ne: abin da aka ɗura yana iya shiga fasasshen bututun ƙazanta ya toshe shi, kuma in aka ɗaga fiye da kima ba a iya saukewa. Ƙarkonsu na ƙasar da ke ƙasa ne. In yoyon da ya haƙa kogon na nan, an kashe maciji ba a sare kansa ba. In kuwa yumɓu ne mai kumbura da tsukewa, ko rauni ne mai zurfi, ɗurawar ba ta kai inda cutar take.

6. Fasa kankare a sake zubawa

Ƙura, ƙara, tarkace, a kwashe kaya, a bar ɗakin. Duk da haka, in cikon ne ba shi da kyau tun asali, ba wata hanya da ke kai hannu gare shi kai tsaye kamar wannan. A kwashe mugun ciko, a zuba mai kyau hawa-hawa, kowane hawa kimanin santimita 15, a daddage shi da inji kafin a ƙara na gaba. A shimfiɗa leda, a sa ragar rodi, a zuba kankare kusan santimita 10, a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7; cikakken ƙarfin da ake lissafi da shi sai a kwana 28. Kayan aikinta ba baƙi ba ne, kowane magini ya san su, amma wurin daddagewar ne ake ha'inci, don ba ya ganuwa bayan an rufe. In za ka tsaya a kan aiki rana ɗaya tak, ranar ciko ce.

7. Tokare harsashin gini

In bango ne ke sauka yana jan daɓe, duk hanyoyi shida na sama ɓata kuɗi ne. Ana haƙa ƙarƙashin harsashi gaɓa-gaɓa, kimanin mita ɗaya-ɗaya, ana tsallake na kusa, a cika da kankare. Ko a murɗa turakun ƙarfe su nutse har ƙasa mai ƙarfi, a ɗora harsashin a kansu. Ita ce mafi tsada da mafi haɗari, ba a yin ta sai da binciken ƙasa da zanen injiniya.

| Hanya | Ta dace da | Tsada | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Shafe sama | Ƙaramin kwari da ya tsaya | Kaɗan | Mai kyau in ƙasa lafiya | Mai sauƙi | Ƙarin nauyi, ɓoye cuta |
| Goyon katako | Katako kaɗan da ya tsage, aka yanka, ko siriri | Matsakaiciya | Mai tsawo in a bushe | Sai kafinta | Kulle lotsewa, yaɗuwar ruɓa |
| Bim da ginshiƙai | Tazara mai faɗi, daɓe mai rawa | Matsakaiciya | Mai tsawo in tushe ya yi kyau | Sai ƙwararre | Ɗagawa da sauri, tushe mara ƙarfi |
| Sauya katakai | Ruɓa ko gara mai yawa | Mai yawa | Mai tsawo sosai | Aikin makonni | Rashin tokari lokacin cirewa |
| Ɗura kwaɓi ko kumfa | Lafiyayyen kankare mai kogo | Matsakaiciya zuwa mai yawa | Gwargwadon ƙasar | Yini ɗaya, sai inji | Toshe bututu, wuce kima |
| Fasa a sake | Ragargazajjen kankare, mugun ciko | Mai yawa | Mai tsawo in an daddage | Ƙura da tashi | Ha'inci wurin ciko |
| Tokare harsashi | Bango na sauka | Mafi yawa | Mafi tsawo | Sai injiniya | Rushewa in an yi kuskure |

Akwai kuɗin da ba ya cikin teburin amma yana kan kowane layi: na kau da ruwa. Gyaran yoyo, indararo da bututun da zai kai ruwan rufi nesa da bango, da gangarar ƙasa ta yadda za ta sauka kimanin santimita 15 a cikin mita 3 na farko daga gini. Wanda kuɗinsa bai isa yin komai a bana ba, ya yi wannan, ya rage nauyin da ke kan wurin, ya ci gaba da aunawa.

Wacce ce taka?

In tsohon gida ne, kwarin santimita ɗaya ko biyu, ka auna wata da watanni bai motsa ba, katako ko kankaren lafiya: siririn shafi ya isa, ko ma ka bar shi haka in bai dame ka ba.

In daɓen katako ne mai rawa, katakan lafiya, akwai sarari a ƙasa: bim da ginshiƙai. In ba ka son ginshiƙi a tsakar ɗakin ƙasa, ko katako biyu ko uku ne kawai aka yanka, goyo. Sau da yawa ana haɗa biyun, a goya wa masu rauni, a tokare sauran.

In sukundireba na nutsewa a katako bayan katako, kada ka yarda a rufe maka da faci. Sauyawa ce, tare da maganin gara da busar da wurin.

In kankare ne ya sauka a dunƙule bayan yoyon da aka riga aka gyara, kuma akwai masu injin a inda kake, ɗurawa za ta cece ka daga fasa tayil da tashi daga gida. Kumfa in ƙasar mai rauni ce ko wurin na da laima, kwaɓin siminti in kogon babba ne kuma kuɗi ya yi kaɗan. In sabon gida ne da daɓensa ya fara sauka cikin shekarun farko, ɗaki bayan ɗaki, kusan tabbas ciko ne, fasawa ta fi.

In kana shirin ɗora tankin ruwa, ko sauya allunan katako da tayil ko dutse, a lissafa nauyin tun kafin a fara. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tankin lita 1,000 tan guda ne a wuri ƙanƙane.

Saura yanayi biyu da ba na zaɓi ba ne. Na farko, bango na tsagewa, tsagar na faɗaɗa, ko lotsewar ta bayyana bayan an rushe wani bango a ƙasa. Na biyu, benen kankare ne, wato dekin, ya yi ciki, ko kankaren ƙasansa na ɓantarewa rodi mai tsatsa na leƙowa. Tsatsa tana ninka girman ƙarfe sau da yawa, ita ke fasa kankaren daga ciki, rodin da ya ragu kuma shi ke riƙe da benen. Dekin da aka cire wa katakon tokari da wuri, ko aka rage masa rodi, shi ma haka yake yi. A nan a kwashe kaya masu nauyi daga sama, a fitar da mutane daga ɗakin da ke ƙasa, a kira injiniyan gini ya duba kafin kowa ya taɓa shi da cokalin siminti.